MAJAMI'AR DUTSE TA STULL DA LABARIN DA AKA LAƘABA MATA

 A lokacin biki irin wannan na cikar shekara hamsin, al'ada ce a waiwaya baya, a tuna da waɗanda suka ɗauko duwatsun farko a kansu, da waɗanda suka riga mu yin barci suna kwance a makabarta. Sauran shafuffukan wannan littafi sun ba da tarihinmu na gida. A nan kuwa ina so in kai ku nesa, can ƙasar Amurka, mu duba wata 'yar majami'ar ƙauye wadda ita ma ta cika shekara hamsin ana sujada a cikinta, har ta ɗora biyar a kai. Amma in ka ambaci sunanta a can, da wuya ka sami mai tuna sujadar. Abin da za a ce maka shi ne, ai nan ne ƙofar gidan wuta take.

Sunan ƙauyen Stull. Yana cikin gundumar Douglas ta jihar Kansas, kimanin mil goma yamma da birnin Lawrence, a tsakiyar gonaki. Ko a lokacin da yake tashe bai wuce 'yan gidaje ba.

Waɗanda suka kafa ta

A shekara ta 1854 majalisar Amurka ta buɗe yankin Kansas ga masu neman ƙasar noma, bayan an yi ta matsa wa 'yan asalin ƙasar suna ja da baya. Dokar ta bar wa sababbin mazauna su zaɓa da kansu, ko a yarda da bautar da bayi a yankin ko a hana. Wannan ya sa kowane ɓangare ya yi ta turo mutanensa domin ya rinjayi ƙuri'a, gardama kuwa ta zama ta bindiga. Garin Lecompton, wanda yake 'yan mil kaɗan arewa da inda Stull take, shi ne mazaunin gwamnatin masu son bauta. Lawrence kuma ita ce cibiyar masu ƙin bauta. A tsakanin waɗannan garuruwa biyu masu gaba da juna ne waɗansu manoma masu jin Jamusanci suka sauka wajen shekara ta 1856, a bakin wani rafi da ake kira Deer Creek. Da sunan rafin aka fara sanin wurin. Waɗansunsu daga jihar Pennsylvania suka taso, inda kakanninsu suka daɗe da zama, waɗansu kuma daga Jamus ɗin kanta.

Mutanen nan suna bin wata ikkilisiya da ake kira Evangelical Association. Wanda ya kafa ta shi ne Jacob Albright, manomi kuma mai gasa tayil na rufin ɗaki, wanda ya soma tattara masu bi a Pennsylvania a shekara ta 1800. Tsarinsa na Metodis ne, sai dai shi da Jamusanci yake wa'azi, gama mutanensa ba su jin Turanci sosai. Ikkilisiyar ta hana 'ya'yanta mallakar bayi, don haka ba sai an faɗa ba, an san gefen da zuciyar manoman Deer Creek take.

A shekara ta 1859 suka kafa ikkilisiyarsu, suka raɗa mata suna Imanuwel. Sai bayan shekara takwas suka sami ikon yin ginin dutse, kuma shekarun nan takwas ba na wasa ba ne. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861. Ran 21 ga watan Agusta 1863, da asuba, wani madugun mayaƙan sari-ka-noƙe mai suna William Quantrill ya auka wa Lawrence da mahaya wajen 400, suka kashe maza da samari kimanin 150, suka cinna wa garin wuta. In ana neman abin tsoro na gaske a tarihin wannan yanki, to ga shi nan, da hannun 'yan Adam aka yi shi, kuma an san sunan wanda ya ja gaba.

Yaƙi ya ƙare a 1865. A 1867 wani ɗan ikkilisiya, Jacob Hildenbrand, ya ba da fili a kan wani ɗan tudu, aka gina majami'a da dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙa a yankin, aka kuma keɓe makabarta a gefenta. Tudun ya ɗauki sunan ikkilisiyar, ana ce da shi tudun Imanuwel. Masu jin Jamusanci suna da wani suna mai daɗi da suke kiran makabarta da shi, ma'anarsa gonar Allah, wato inda ake shuka a jira girbi. Manoma ne suka gina wurin, sun kuwa san abin da suke nufi da wannan suna.

A 1899 aka buɗe gidan waya a ƙauyen, aka sa masa sunan mai kula da shi, Sylvester Stull. An rufe gidan wayar a 1903, amma sunan ya zauna. Har zuwa 1908 da Jamusanci ake wa'azi a majami'ar, daga nan aka koma Turanci, gama jikoki sun taso da harshen makaranta. Mu da muka ga yadda ake juya sujada daga wannan harshe zuwa wancan domin yara, mun san irin zaman dattawan da ake yi kafin a kai ga haka. Ginin ya cika shekara hamsin a 1917, shekarar da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, lokacin da jin Jamusanci a bakin mutum ya zama abin zargi a ƙasar. A 1922 jama'a suka gina sabuwar majami'a ta katako a ƙetaren hanya, suka ƙaura. Tsohuwar aka bar ta a kan tudu tare da matattu.

Kafin in wuce, akwai wani zare da ya haɗa mutanen nan da ƙasarmu. Ikkilisiyar Albright ta taɓa rabuwa gida biyu, sa'an nan a wannan shekara ta 1922 aka sake haɗuwa da sunan Evangelical Church. Ɗan ɗaya daga cikin gidajen biyu ne Rev. C. W. Guinter, wanda ya zo Nijeriya a 1906 a ƙarƙashin Sudan United Mission, ya yi aiki a Wukari, ya kuma buɗe tashar Bambur a ƙasar Muri a 1923. Haɗuwar da aka yi a 1946 da kuma ta 1968 ita ce ta mai da ikkilisiyar Stull ta zama ta United Methodist, sunan da ikkilisiyar Muri ma ta ɗauka daga baya. Ashe dai tushe ɗaya ne.

Yadda labarin ya tashi

Shekara hamsin da biyu ginin yana tsaye shiru a kan tudu, ba wanda ya buga wani abin mamaki game da shi. Sai a watan Nuwamba 1974 jaridar ɗaliban Jami'ar Kansas da ke Lawrence, mai suna University Daily Kansan, ta fito da wani labari, wai Iblis da kansa yakan bayyana a makabartar Stull sau biyu a shekara: a daren 31 ga Oktoba, wanda suke kira Halowin, da kuma ranar da dare da rana suke daidaita a watan Maris. Labarin ya nuna kamar abu ne da aka daɗe ana faɗa tun kaka da kakanni. Da aka tambayi mutanen Stull, waɗanda kakanninsu ne ke kwance a wurin, suka ce su dai ba su taɓa jin wannan magana ba sai a jarida.

A ganina lokacin ma ya taimaka. A ƙarshen 1973 aka fito da wani fim mai suna The Exorcist a kan yarinyar da aljani ya shiga, mutane suka yi ta dogon layi domin su kalla, zancen Iblis ya cika bakin samari. Ga jami'a cike da ɗalibai masu motoci, ga kango a kan tudu da kaburbura kewaye da shi, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan kowa ya zo sai ya ɗora nasa. Aka ce akwai wata ɓoyayyiyar matakala a kusa da majami'ar wadda take gangarawa har gidan wuta, kuma wai wurin ɗaya ne daga cikin ƙofofi bakwai da ke doron ƙasa. Aka ce Iblis ya haifi ɗa da wata mayya, ɗan ya mutu aka binne shi a nan, shi ya sa uban yake zuwa ziyarar kabari. Da rufin ginin ya tafi, aka ce ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ɗigo ɗaya ba ya sauka a ciki. Aka ce in ka jefi bangon da kwalba ba za ta fashe ba, waɗansu kuma suka ce in ta fashe ga abin da zai same ka, in ba ta fashe ba ga abin da zai same ka. Waɗansu suka ce wata iska mai sanyi ta danne su a ƙasa, waɗansu suka ce sun fito ba su san inda sa'o'i suka tafi ba. Har aka ce a duniya duka wuri biyu ne kawai Iblis yake sauka a wannan dare, Stull da wani fili a ƙasar Indiya, amma ba wanda ya taɓa faɗin sunan filin.

Bari mu ɗauki waɗanda za a iya aunawa mu auna.

An ce asalin sunan ƙauyen wata kalmar Turanci ce mai nufin ƙoƙon kan mutum, wai aka sauya harafi ɗaya domin a rufe asiri. Mun riga mun ga inda sunan ya fito, daga ma'aikacin gidan waya ne. An nuna wani dutsen kabari an ce na mayyar ne. Abin da ke rubuce a kansa sunan wani iyali ne na Jamusawa, wanda a kunnen mai jin Turanci ya yi kama da kalmarsu ta mayya. Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwa. Mutum ya yi zamansa, ya mutu cikin bangaskiya, 'ya'yansa suka tara kuɗi suka sassaƙa sunansa a dutse, bayan shekaru waɗansu yaran da ba su san harshensa ba suka karanta sunan a karkace suka mai da shi maita.

Akwai kuma wani dogon itace a makabartar, irin na ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura, wanda ya girma har ya tsaga wani dutsen kabari. Aka ce a kansa ake rataye mayu. Shari'ar mayu da aka sani a tarihin Amurka ita ce ta garin Salem a 1692, can gabar gabas, fiye da shekara 160 kafin a kafa bukka ɗaya a Deer Creek. Amma mu da muka girma ana hana mu zama a gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, mun san babban itace a wurin da ba kowa ba ya rasa mai ba shi labari.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Fafaroma. An ce a 1993, sa'ad da Fafaroma John Paul na Biyu zai je birnin Denver taron matasa, ya umarci matuƙin jirgi ya kauce wa gabashin Kansas domin kada ya bi ta kan ƙasa marar tsarki. Gaskiya ne ya je Denver a watan Agusta na wannan shekara. Sai dai daga ƙasar Meziko ya taso, bayan ya ziyarci Jamaika, kuma duk wanda ya shimfiɗa taswira zai ga hanyar Meziko zuwa Denver ba ta da abin da ya haɗa ta da gabashin Kansas. Game da ƙofofi bakwai kuwa, Littafi Mai Tsarki ya ambaci ƙofofin Hades a Matta sura 16, amma bai ƙidaya su ba, bai kuma ce suna wata gona a wata ƙasa ba. Abin da ya faɗa a wurin alkawari ne ga ikkilisiya.

Ba a ce ƙauyen bai taɓa ganin baƙin ciki ba. Tarihinsa ya riƙe abu biyu daga farkon ƙarni na ashirin: wani yaro da wuta ta ci a gonar da mahaifinsa yake ƙona ciyawa, da wani mutum da ya ɓace aka same shi a rataye a itace. Wane ƙauye ne ya shekara ɗari bai ga irin wannan ba? Masu labari suka ɗauki hawayen iyalai biyu suka yi wa tatsuniyarsu ado da shi.

Abin da aka yi wa matattu

Hausawa sun ce ƙarya fure take yi ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, mutanen Stull ne kuma suka ci ɗacinsu. Rahotannin lokacin sun ce a daren daidaituwar dare da rana na watan Maris 1978 mutum fiye da 150 suka taru a makabartar suna jiran Iblis. A daren Halowin na 1988 aka ce sun kai wajen 500. Bai zo ba, ko sau ɗaya. Abin da gari yake wayewa a tarar shi ne gwangwanayen giya, da shara, da kaburburan da aka tattake. An ture duwatsun kabari, an farfasa waɗansu, an sace waɗansu an tafi da su. An yi rubuce-rubuce a bangon majami'a, ana ɓalle duwatsunta ana kai wa gida a matsayin tsaraba. Zancen kwalba kuwa kowa ya zo sai ya gwada, ga shi kuwa kwalabe suna fashewa kamar yadda suke yi ko'ina, sai gilashi ya cika wurin da iyayen mutane suka durƙusa suka yi addu'a.

Ku sa kanku a matsayin tsohuwar da ta zo da furanni kabarin mijinta ta tarar an ture dutsen, ko iyalin da suka zo jana'iza baƙi suna leƙe daga bakin hanya da na'urar ɗaukar hoto. Makabartar ba kufai ba ce. Iyalai sun ci gaba da binne 'yan'uwansu a cikinta duk tsawon shekarun nan, ikkilisiya kuma tana sujada a ƙetaren hanya kowace Lahadi.

Dole aka kewaye wurin da shinge, aka kafa allunan hana shiga. 'Yan sandan gunduma suka riƙa kwana a hanya a daren Halowin suna mai da motoci, aka kuma sanar cewa wanda aka kama a ciki zai iya biyan tara har dala 1,000 ko ya sha ɗaurin wata shida. To, sai wannan ma ya zama hujja a bakin masu labari: in ba abin da ake ɓoyewa, me ya kawo shinge? In mutanen gari sun yi shiru, a ce tsoro ne ya rufe musu baki. In sun musa, a ce rufa-rufa ce. Labarin da aka gina haka ba shi da ƙofar da za a fitar da shi.

Wani abin takaici shi ne daren da aka zaɓa. Asalin Halowin jajibirin ranar 1 ga Nuwamba ne, ranar da ikkilisiyoyi da yawa suke tunawa da dukan tsarkaka da suka riga mu. Ga Jamusawa 'yan Furotesta kuma 31 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da Martin Luther da abin da ya soma a Wittenberg a 1517. A wannan dare ne aka riƙa tattake kaburburan jikokinsu.

Ba na so a ɗauka ina yi wa masu jin tsoro ba'a. Almajirai ma da suka ga Ubangiji yana tafiya a kan teku da dare, fatalwa suka zata. Tsoron duhu da kabari yana jikin ɗan Adam. Amma yawancin waɗanda suka je Stull nishaɗi ya kai su, sun je sayen tsoro ne kamar yadda ake sayen tikitin sinima, waɗansu kuma suka biya kuɗin.

Ba a Amurka kaɗai aka ga haka ba. A ƙauyen Clophill na ƙasar Ingila an gina sabuwar majami'a a cikin gari wajen 1848, aka bar tsohuwar a kan tudu. A 1956 ɓarayi suka kwashe darmar rufinta, a 1963 aka tarar an tone wani tsohon kabari an baza ƙasusuwa a cikin kangon, jaridu suka ɗauka, 'yan kallo suka yi ta zuwa shekara da shekaru. A wuraren biyu jama'a sun ƙaura da kyakkyawar niyya, gama suna bukatar wuri mafi girma ko mafi kusa. Abin da ba a yanke shawara a kansa ba shi ne wanda zai riƙe mabuɗin tsohon ginin, da wanda zai gyara rufi in ya soma yoyo.

Ƙarshen ginin

Masu waƙa ma sun sami abin ci a labarin. A 1992 wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Chicago mai suna Urge Overkill ta fitar da faifai ta sa masa suna Stull, da hoton wurin a bangonsa, sunan ƙauyen ya kai inda jaridar ɗalibai ba ta kai ba. A ƙarshen watan Oktoba 1998, ana gab da daren Halowin, aka sare itacen nan. Ginin kuwa ya riga ya zama kango, ba rufi, bango yana zubewa, ga masu hawa kansa da dare. Ran 29 ga watan Maris 2002 aka rushe shi. Ranar ta faɗo a kan Jumma'a Mai Kyau, kwana biyu kafin Ista. Ya yi shekara 135 a tsaye: 55 ana sujada a ciki, 80 a rufe, kuma a cikin 28 na ƙarshe ne kaɗai aka san shi da sunan Iblis.

Rushewar ba ta kashe labarin ba, gama a lokacin ya riga ya shiga intanet, inda ake kwafe shi daga shafi zuwa shafi, har da zancen jirgin Fafaroma. A 2010 wani shirin talabijin mai dogon zango, Supernatural, ya sa babban faɗan ƙarshe tsakanin Iblis da mala'ika Mika'ilu a makabartar Stull, miliyoyin mutane suka kalla, aka sami sabon ayarin masu zuwa leƙe ta shinge. Makabartar da suka gani a talabijin ba ita ba ce. A ƙasar Kanada aka ɗauki hoton, a yankin birnin Vancouver, fiye da mil dubu daga tudun Imanuwel.